Filas ɗin da Ruru Ta Aiko

Kang Wanshun direban bas ne a Huaibei, garin masu haƙar kwal, tun yana saurayi har ya yi furfura, kuma duk tsawon aikin nan a kwalba ɗaya yake shan shayi. Kwalbar garin kofi ce ta gilashi, wadda wani maƙwabci ya shanye kofin ya bar masa. Don kada ta ƙona masa hannu, 'yarsa Ruru ta saƙa mata riga da zaren roba kore da fari tun tana firamare. Kwalbar ba ta da rariya. Haƙoransa ne rariyar: ya kurɓa, ganyen da ya biyo ruwa ya tofar da shi cikin kwalbar, kamar yadda kowane direban kirki yake yi.

Ruru kaɗai suka haifa, shi da matarsa Meng Shulan, domin a zamaninsu ɗaya hukuma ta yarda a haifa. Ta gama jami'a, ta fara aiki, sai cutar jini ta kama ta. Ta rasu tana da shekara ashirin da huɗu.

Maƙwabta sun yi musu kirki, irin kirkin da ba a iya zama da shi. Suka daina gayyatarsu biki, wai don kada ransu ya ɓaci, kuma don kada su jawo wa amarya rashin sa'a, amma wannan dalili na biyu ba wanda ya taɓa furta shi. Mata suna cikin hirar jikoki, da sun hango Shulan sai su koma maganar tsadar kabeji. Da Kang ya ajiye aiki suka sayar da gidan suka koma Wuhu, a bakin babban kogi, inda ba wanda ya san su balle ya tausaya musu.

A Wuhu Shulan ta zauna a gida. Da can "Baban Ruru" take kiransa. Yanzu "Tsoho" ne, ko kuma ta fara magana kawai, tunda dai su biyu ne a gidan. Shi kuwa Kang ya samo wani teburin dutse a lambun bakin tafki, inda tsofaffi 'yan fansho suke buga dara daga safe zuwa lokacin abincin rana. Shugaban teburin shi ne Darakta Pang, wanda a ofishin haraji mataimakin mataimaki ne ya yi ritaya, amma bayan ritaya aka ƙara masa girma a bakin tafki. Akwai kuma Malam Fei, tsohon malamin lissafi, wanda ba ya buga dara, gyara wa masu bugawa yake yi.

Ranar farko Pang ya yi masa tambayar da ake yi wa kowane baƙo.

"'Ya'ya fa?"

"Ɗaya. Mace."

"Tana ina?"

"Nesa."

"Shanghai?"

"Ta fi nan nisa."

"Ostiraliya ke nan," in ji Pang, ya tura ɗan dararsa gaba. "Duk can suke tafiya yanzu."

Kang yana fama da wani ganye da ya maƙale masa a haƙori. Kafin ya fitar da shi an wuce wajen. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Daga nan mutanen tebur suka ɗauki rainon Ruru da kansu. Malam Fei ya sama mata aiki a banki, domin a lissafinsa yarinyar da ba ta yawan kiran waya a banki take. Wani ya ba ta mota. Duk sabuwar shekara sai su ƙara mata shekara guda, su kuma taso uban a gaba.

"Ta haura talatin fa, Tsoho Kang, ba miji. Kai wane irin uba ne? Ka zauna kana tofar da ganye, yarinya tana tsufa a ƙasar mutane."

"Ba ta jin magana," Kang yakan ce.

Ranar da aka yi masa irin wannan faɗa, da sauri-sauri yake hawa matakalar gida kamar yaro. Duk duniya babu inda Ruru take ƙara shekaru sai a teburin nan.

To, teburin yana da dokarsa game da filas ɗin shayi. Kowane tsoho da nasa, yana tsaye a gefen allon dara kamar dogari. Kuma dattijo ba ya saya wa kansa filas. Ɗa ko 'ya ke aikowa. Sannan ba a yabon abin da ɗa ya aiko. Kushe shi ake yi, da ƙarfi, don na nesa ma su ji.

"Dubi wannan shirme," Pang zai ce, yana ɗaga wani baƙin filas mai nauyin turmi, da jan ƙyalle ɗaure a hannunsa. "Daga Shenzhen yaron nan ya aiko. Wai irin ƙarfen da ake ƙera jirgin sama da shi ne. Ni tashi zan yi? Kafaɗata har ciwo take."

"Kai naka nauyi ne kawai," Malam Fei zai amsa. "Nawa gilashi ne hawa biyu, wai don in riƙa kallon ganye yana rawa a ruwa. Yanzu dole in sayi ganye mai tsada, tunda kowa yana gani. Yarinyar nan ta talauta ni."

Wanda ya fi kowa shan wahala da filas ɗinsa, shi ne ɗansa ya fi sonsa. Kang yana zaune a tsakiyarsu da kwalbar kofi, an ɗauke shi a matsayin tsoho mai taurin kai wanda ake aiko masa da abubuwa yana ƙin amfani da su. Wannan ma matsayi ne, ba laifi.

Sai wata safiya cikin sanyi ya zuba tafasasshen ruwa a kwalbar ba tare da ya ɗuma ta ba, kuskuren da bai taɓa yi ba tun yana kan aiki. Ta yi ƙara kaɗan, gindin ya cire. Ya wanke rigar zaren, ya shanya, ya ninke ta cikin aljihun tebur. Shulan ta share gilashin.

Ya tafi shagon Madam Tao a bakin kasuwa, inda filas suke jere daga ƙasa har rufi. Ya duba su kamar yadda yake duba bas kafin ya fita da ita. Ya buɗe ya shinshina, wanda ya ji warin roba ya ajiye. Ya leƙa ciki ya tabbatar ƙarfe ne sumul, ba layin walda inda dattin shayi zai maƙale. Ya sa yatsu ya auna baki, ko soso zai shiga. Rariya ya fi daɗewa a kanta. Mai faɗi kamar faifai, wadda ke zama a baki ta bar ganye yana jiƙe a ruwa wuni guda, ya ƙi ta. Ya nemi mai zurfi kamar ɗan kwando, da maɗauki, wadda ganye zai samu wurin buɗewa, in ya yi kuma a zare ta a ajiye. Ya ja robar murfi ya ga ko tana dawowa. Ya sa Madam Tao ta zuba ruwa, ya rufe, ya kifa, ya girgiza a kan tafin hannunsa. Daga ƙarshe ya gwada shi a aljihun kwat. Ya shiga daidai. Launin toka ne, ba rubutu, ba tsada.

"Kawu, ka san kaya," in ji Madam Tao. Da ya kula, da ya ji ba yabo ne kawai a muryarta ba.

Washegari ya ajiye shi a gefen allon dara. Aka tsayar da wasa.

"A'a, Ostiraliya ta yi motsi," in ji Pang. "Miƙo mu gani."

Ya buɗe, ya shinshina, ya zare rariyar ya ɗaga ta sama, ya mayar, ya kifa filas ɗin ya girgiza.

"Ba ya ɗiga," ya ce, kamar mai karanta tuhuma.

"Yana shiga aljihu?" in ji Malam Fei.

"Yana shiga."

"Shayin fa, ba ya dahuwa ya yi ɗaci?"

"In ganye ya yi sai in zare rariyar."

Pang ya sake juya filas ɗin.

"To mene ne aibinsa?"

"Ba shi da aibi," in ji Kang, kuma tun kafin ya rufe baki ya san ya yi ɓaranɓarama.

Pang ya ajiye filas ɗin a hankali, ya tura masa da ɗan yatsa.

"Tsoho Kang, mu ma fa mun haifa. Ba a taɓa yin ɗan da ya aiko wa ubansa abin da ba shi da aibi ba. Wannan zaɓin tsoho ne, tsohon da ya san shayi kuma yake tausayin aljihunsa. Kai ka saya."

"Ba abin kunya ba ne," in ji Malam Fei da murya mai laushi, wadda ta fi zagi ciwo. "Haka suke in sun je can. Shekarar farko waya kullum, ta biyu ranar biki, ta uku kai ne za ka riƙa rufa musu asiri."

"Ni dama na lura," wani ya ce daga ƙarshen benci. "Yarinyar da ta bar ubanta da kwalbar kofi."

Kang ya shirya wa ranar da za su gane ta mutu. Ya san yadda zai tashi ya tafi ba zai sake dawowa ba. Bai taɓa shirya wa ranar da za a ce Ruru ta manta da shi ba. Yarinyar da take tsayawa a tashar da ke gaban makarantarsu ta ƙi shiga kowace bas sai tasa.

"Na matata ne, aro na yi," ya ce. "Nawa yana hanya. Jirgin ruwa ta sa shi."

Wannan ce ƙarya ta farko da ya yi musu da bakinsa.

Daga lambun bai tsaya ko'ina ba sai shagon Madam Tao.

"Kawu, ka dawo? Ya ɗiga ne?"

"Bai ɗiga ba. Matsalar ke nan."

Ta dube shi daga hula zuwa takalmi. "Teburin bakin tafki?"

Ta ja wani labule a bayan kanta, sai ga wata kanta daban, cike da kwalaye masu sheƙi da rubutun waje.

"Da ka faɗa min tun jiya. Ɗa ne ya aiko ko 'ya?"

"'Ya."

"Daga wane gari za mu ce?"

"Ostiraliya." Ya dubi kwalayen. "Amma ai waɗannan a nan aka ƙera su."

"Kawu, wanda ya zo daga can ma a nan aka ƙera shi, yawo ya je ya dawo. Ni kuɗin jirgi nake rage muku." Ta fara sauke kwalaye. "Bari ka ji yadda abin yake. Ɗa namiji baƙin filas yake aikowa, mai nauyi, wanda ya fi tsada a shagon, ko kwalin ba ya buɗewa. Matar ɗa kuwa wanda aka raba musu kyauta a ofis take kawowa, da sunan kamfani a jiki. 'Ya mace ita ce mai wuya. Sai ta zauna ta yi tunani sosai, sannan ta yi kuskure. Kuskuren kuma nata ne, ba na kowa ba, in ka ɗauki na wata za a gane."

A gefen kantar akwai ƙunshin jan ƙyalle na ɗaure kyauta. Kang ya kalle shi. Ya taɓa ganin irinsa, a hannun wani baƙin filas mai nauyin turmi.

"Ba na faɗin sunan kowa," in ji Madam Tao, ba tare da ta ɗago ba. "To wace irin yarinya ce? Wane launi take so?"

Ya buɗe baki. Ya san lambar takalminta. Ya san tarinta daga na kowa ko da a cikin bas cike da mutane. Ya san ba ta cin albasa. Launi kuwa, ya duba ya duba cikin kansa, babu.

"Bari in je in dawo," ya ce.

Ya daina zuwa tafki. Da safe sai ya haɗa shayi a filas ɗinsa mara aibi, ya zauna kusa da taga. Shayin yana da daɗi, yana nan da zafinsa har rana ta yi tsaka, shi kuwa ko ɗanɗanonsa ba ya ji. Shulan ta ƙyale shi har ta gaji da ganinsa. Wata rana tana yanka kabeji ta ce, "Tafkin ƙafewa ya yi?"

Sai ya gaya mata. Bai iya labari ba, ya faro daga tsakiya, ya koma farko. Wuƙar tana ta sauka a kan katako.

"Wato kun tura min yarinya Ostiraliya."

"Ba ni na tura ta ba. Pang ne."

"Me take yi a can?"

"Banki."

"Ruru? Wadda in an aike ta sayen man waken suya sai ta baro canji a shago?"

"Malam Fei ne ya sama mata."

"Ta yi aure?"

"A'a. Faɗan da ake min kullum ke nan."

Ta tara kabejin gefe guda da bayan wuƙa. "Shekararta nawa yanzu, a wajenku?"

"Talatin da uku."

Wuƙar ta tsaya.

"Daidai ne," ta ce. Bayan ɗan lokaci ta ƙara, "Kuma har akwai wanda ya ce ta manta da kai."

"Akwai."

Da safe ya fito ya tarar ta sa kwat ɗinta na fita, wanda ya daɗe a rataye, tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu.

Madam Tao ta tarbe su da wani filas ruwan hoda mai furanni. "Goggo, 'yan mata wannan suke…"

"Ta tsani ruwan hoda," in ji Shulan. "Rawaya."

Ta bi kantar da ido, ta wuce masu kyau duka, ta nuna ɗaya can sama. Rawaya ne shar, dogo, murfinsa da kunnuwan kyanwa guda biyu. A tsakanin kunnuwan akwai ɗan gilashi da ke nuna zafin ruwa da jajayen lambobi. Madam Tao ta danna wani wuri, abin ya yi kuka sau biyu, siriri.

"Yana tuna wa mutum ya sha ruwa," ta ce. "In bai buɗe ba, ba ya yin shiru."

Kang ya karɓa ya duba, ransa na direba ya ɓaci. "Rariyar faifai ce, ba a zare ta. Koren ganye zai dahu a ciki ya zama magani. Bakin ko yatsa biyu ba sa shiga, da me zan wanke? Aljihu kuwa sai dai in ɗinka masa buhu. Wannan ai azaba ce."

"Ita ba shayinka ne ya dame ta ba," in ji Shulan. "Ƙodarka ce. Tun tana sakandare take cewa kana wuni a bas kana tsotsar ganye ba ka shan ruwa. Wannan za ta ɗauka. Kuma saboda kunnuwan za ta fara ɗaukarsa, sauran daga baya za ta karanta."

Madam Tao ta jawo jan ƙyalle.

"Bar shi," in ji Shulan. "Ruru ba ta iya ɗaure kaya ba. Salatif take naɗawa har sai an nemo almakashi."

Madam Tao ta naɗe kwalin da salatif, Shulan tana cewa ƙara, ƙara a nan kusurwar. Da ta gama ta ce, "Yaushe za ta zo gida, Goggo?"

"Ba nan kusa ba," in ji Shulan. Ta juya. "Baban Ruru, karɓi jakar nan, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Har suka isa gida bai yarda ya dubi fuskarta ba.

A teburin dutse ya buɗe kwalin, da aron wuƙar yanka tuffa ta Malam Fei, ana ta ba shi shawarar ta inda zai ɓarke salatif. Da kunnuwan kyanwar suka fito, wani ya yi dariya har ya ƙware.

"Ku duba abin da aka aiko wa mutum mai shekaruna," in ji Kang. "Direban bas guda. Ina zan shiga da wannan?"

Pang ya karɓa ya juya shi, ya leƙa rariyar, ya ga ba ta zaruwa, ya gyaɗa kai da girmamawa.

"Wannan kam 'ya ce," ya ce. "Yarinyar tana ji da kai, Tsoho Kang. Amma ba ta da hankali ko kaɗan."

"Ko kaɗan," in ji Kang.

Duk abin da ya faɗa a shago ya tabbata. Filas ɗin yana riƙe zafi kamar mai riƙe gaba: shayin da aka zuba da safe ba ya shawuwa sai kusan tashinsu daga tebur, in ya shawu kuma koren ganye ya dahu ya koma ruwan ƙasa, ɗaci har cikin kunne. Malam Fei ya ba shi shawara ya bar ruwa ya ɗan huce kafin ya zuba, ko ya koma baƙin shayi mai jure zafi, ko ya haɗa a buta a gida ya juye ruwan kawai.

"Na sani," in ji Kang. "Ni ma haka na ce mata. Ka san yaran yanzu."

A gida, in zai sha shayi na gaske, a filas mai launin toka yake sha, su raba shi da Shulan. Na rawayan na tafki ne. A hannu yake riƙe shi, tunda ba aljihun da zai ɗauke shi, yara a hanya suna nuna kunnuwan.

Ba a daɗe ba Pang ya zo da sabon filas daga Shenzhen, baƙi, mai nauyi, da jan ƙyalle, shi ma yana kuka.

"Ɗanka yana ji da kai, Darakta," in ji Kang.

"Ɓarnar kuɗi kawai," in ji Pang, ya gyara ƙyallen.

Yanzu in Kang ya dawo, Shulan tana tambayarsa abin da aka ce a kan Ruru. An ƙara mata girma a banki. An ce ta rame, wai abincin can ba ya karɓarta. Kwanan nan Malam Fei ya kawo maganar wani ɗan ƙaninsa, likitan haƙori, mai gidan kansa, wanda bai damu da shekarunta ba.

"Ka ce masa a'a," in ji Shulan. "Tsoron likitan haƙori take yi. Su nemo wani."

Ya isar da saƙon washegari, aka yi masa caa, aka ce shi da matarsa ne suke ɓata yarinyar. Yana cikin kare kansa, ɗan dara a hannu, filas ɗin ya yi kukansa siriri, sau biyu.

"Na ji," in ji Kang. "Na ji."

Ya ajiye ɗan darar, ya buɗe murfin, ya hura, ya sha.